Dokar da Na Cire daga Bango

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sakataren kwamitin kiyaye haɗari a sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar da nake koyarwa. Ba don na fi kowa sanin haɗari aka ɗora ni ba. Rubutuna ne yake da kyau, kuma ba na musu a taro.

Labarin nan na mutum biyu ne: wata ɗaliba da ta ƙone a ɗakin gwaje-gwajenmu, da dattijon da aka ce shi ya bari ta ƙone. Ita dai, abin da zai same ta ya riga ya fara tun ina cikin sahu a masallaci. Shi kuwa, sunansa ya yi mako uku a hannuna, tunda ni ke riƙe da biron kwamiti, kuma in ban da shi, ni kaɗai na san asalin yadda aka yi.

Dattijon shi ne babban ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen, mai kula da kwalabe da sito da makullai. Kowa Baba yake ce masa, har Farfesa shugaban sashe, wanda ya girme shi da shekara biyu. A Sabon Gari aka haife shi. Iyayensa daga gabas suka zo a jirgin ƙasa, mahaifinsa yana gyaran keken ɗinki. Hausarsa ta Kano ce tsantsa, har yakan gyara min tawa idan boko ya lanƙwasa ta. Ranar Lahadi yana coci, sauran ranaku yana tsakanin kwalabe. Shekara talatin da uku ya yi a aikin, saura biyu ya yi ritaya, kuma abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, fayil ɗinsa na ofis.

"Dakta, je ka ce su buɗe maka," yakan ce. "Ko ɗigon jan biro babu."

Kowace safiya adaidaita sahun da ya ɗauko shi daga Sabon Gari yakan tsaya a bakin titi a Fagge, daidai inda 'yan dako ke sauke dilolin atamfa, in shiga mu tafi. Shi yana karanta jaridar jiya, ni ina duba takardun ɗalibai a kan gwiwa.

A kusurwar ɗakin gwaje-gwajen akwai shawar gaggawa. Bututu ne ya sauko daga tankin da ke kan rufi, da kai mai faɗi kamar faranti, da sarƙar da ake ja ruwa ya zubo. A fili take, babu bango babu labule, kuma tagogi uku ne ke kallon ta daga barandar da ɗalibai ke wucewa. A gefenta akwai wata tsohuwar takarda manne a bango tun zamanin malaman da suka koyar da malamanmu. Dokoki biyar ne a jiki, da Turanci. A sanar da na kusa. A ruga wurin shawa. A ja sarƙa a tsaya minti goma sha biyar. A cire duk tufafin da sinadari ya taɓa, ana ƙarƙashin ruwan. A tafi asibiti. A gefen doka ta huɗu an zana wani Bature da ɗan kamfai, hannuwa a sama, fuskarsa cike da natsuwa irin ta wanda bai taɓa yin suruki ba. Ɗalibai sun yi masa gemu da biro, wani mai tausayi kuma ya ɗinka masa wando.

Shekarar da aka yi wa ginin fenti, takardar ta bi masu fenti. Farfesa ya ce in rubuta sabuwa, Turanci a sama, Hausa a ƙasa, saboda masu shara da masu kawo kaya. Na zauna a tsakar gida bayan la'asar da farar takarda da rula. Uku na farko suka tafi sumul. Da na zo ta huɗu, biro ya tsaya. Na rubuta "a tuɓe", na dube shi, na ji kamar na faɗe shi da ƙarfi a gaban mahaifiyata. Na soke. Na rubuta "a rage tufafi", na ga ai wannan shawarar lokacin zafi ce. Na tuna rabin ajin mata ne, wasu matan aure, wasu kuma da ƙyar iyayensu suka bar su karanta kimiyya. Na tuna iyayen sukan zo har barandar nan ranar bikin yaye ɗalibai, su leƙa ta taga su ga inda 'yarsu ta yi shekara huɗu. Sai na ce a raina, duk wanda ya kai jami'a ai ya san wannan, ba sai an rubuta masa a bango ba. Na tsallake ta a Hausar. Don kada layukan su saɓa, na tsallake ta a Turancin ma. Doka ta biyar ta koma ta huɗu. Takardar ta yi kyau ƙwarai, Farfesa ya yaba da tsabtarta, ya sa hannu a ƙasa.

Baba ya tsaya a gabanta da tabarau a kan hanci.

"Dakta, da biyar ne."

"An taƙaita, Baba."

"To. Ita sodar da ke cikin kwalaben nan, an sanar da ita an taƙaita?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Na faɗa masa dalilina. Ya ce ya gane, ai ba jiya ya zo garin ba. Amma idan ba za a rubuta ba, to a kewaye shawar da labule, a ajiye zannuwa biyu da mayafi a kabad kusa da ita, don wadda abin ya sama ta sami abin rufe jiki. Na kai maganar taro. Tana nan a littafin kwamiti, da rubutuna mai kyau, a ƙarƙashin "sauran batutuwa". Sau huɗu ta fito a can, kowane karo ana ɗage ta zuwa zama na gaba. A laccar da nake yi wa sababbin ɗalibai kowace shekara kuma, idan na zo daidai wurin, sai in yi gyaran murya in ce, "Sauran kun sani." Maza su yi murmushi, mata su kalli ƙasa, mu wuce zuwa yadda ake kashe gobara.

Muna da wani tsari da ba a taɓa rubuta shi ba. Ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya, mu maza Musulmi na sashen duk mu tafi masallaci, mu bar wa Baba ɗakin. Shi ma a makon Kirsimeti da na Ista mu muke riƙe masa. Kowa yana jin daɗin tsarin, har mukan ba da misali da shi idan baƙi suka zo ana maganar zaman lafiya. Ba wanda ya taɓa zama ya duba abin da yake nufi: awa biyu a kowane mako, namiji ɗaya ne a ginin, Kirista, tare da duk macen da ta zaɓi ta yi aiki a lokacin.

Ɗalibar malamar sakandare ce daga Rijiyar Lemo, tana digiri na biyu, da 'ya'ya uku. Malama muke ce mata. Bincikenta a kan sabulun man darbejiya ne, saboda haka kullum tana tare da soda, irin wadda mata ke saya a kasuwa su haɗa sabulu a gida, sai dai tamu an narkar da ita da ƙarfi sosai. Juma'a take so, don a lokacin babu layi a kan ma'auni. Takan sa farar rigar aiki, ta ɗora dogon hijabi a kai har gwiwa. Ƙa'ida ta hana sa yadi mai lilo a kan rigar aiki, amma wannan ma ba wanda ya taɓa samun bakin faɗa mata.

Abin da ya faru ban gani ba. Daga bakin Baba na ji, sau uku, bai canza kalma ba.

Ta miƙa hannu za ta sauko da babbar kwalbar ruwan soda daga kanta ta sama. Wanda ya yi amfani da ita a baya bai ɗaure murfin ba. Kwalbar ta karkata, ruwan ya kwararo mata a kafaɗar dama, da wuya, da ƙirji. Ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi. Baba yana sito, ya fito da gudu, ya ce ta shiga shawa, ya ja mata sarƙar da kansa. Lokacin zafi ne, tankin ya yi ƙasa, ruwan yana zubowa kamar daga bakin buta.

"Malama, cire hijabin nan. Cire har rigar. Zan fita in ja ƙofa."

"Baba, tagogi fa?"

"Zan tsaya a baranda in kori kowa."

"In cire in sa me?"

Ya tuɓe farar rigarsa ya ninke ya ajiye mata a kan benci.

"Kaina fa? Baba, ba komai, wallahi ba ya zafi sosai. Santsi kawai nake ji."

Nan ne mugun halin soda yake. Asid idan ya taɓa mutum, nan take yake sanar da shi, ya yi tsalle. Soda shiru take yi. Santsin da mutum ke ji, fatarsa ce ta fara narkewa, tana komawa irin abin da Malama ke ƙoƙarin haɗawa a kwano. Yadin da ya jiƙe da ita kuma riƙe ta yake a jiki, ɗan ruwan da ke zubowa ya bi ta sama ya wuce. Baba ya san wannan. Ita ma ta sani, ta amsa tambaya a kansa a jarrabawa, ni na ba ta maki.

Na tambaye shi daga baya, a hankali, me ya hana ya kama hijabin ya fizge. Ya daɗe yana kallona.

"Dakta, ni? Ranar Juma'a, ana cikin huɗuba, ni kaɗai da matar mutum a ɗaki, ta yi ihu ɗaya? Kai ka faɗa min inda zan kwana. Ka faɗa min inda jikokina za su kwana." Ya ɗaga hannunsa. "Na miƙa hannun. Ya kai nan." Ya nuna min tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba. "Ya ƙi ƙarasawa."

Sai ya fita neman mace. Ya bi ofis-ofis. Sakatariyar sashe ta tashi tun sha biyu, masu shara sun tafi. Ya kira ni sau shida, wayata tana kashe a aljihu kamar yadda ladabi ya tanada. A ginin da ke kusa da namu ya sami wata malama tana cin abinci, suka dawo tare da gudu. Ɗakin babu kowa. Ruwa a ƙasa, farar rigarsa tana nan a ninke inda ya ajiye. Malama ta matse hijabinta ta fita, ta tari adaidaita sahu, za ta je gida ta canza kaya.

Duk wanda ya san garin nan ya san abin da hanya take zama a wannan lokacin. Sahu ya fito har kan kwalta, an gitta benci an tare titi. Mai adaidaita ya kewaya, ya tarar da wani sahun, ya kashe inji ya jira a sallame. Da aka sallame kuma jama'a suka ɓarke gaba ɗaya. Tafiyar rabin awa ta ci awa ɗaya da rabi, tana zaune a ciki da jiƙaƙƙen yadi manne a wuya. Ta ce wajen Fagge ne zafin ya fara da gaske, ta ciji hannunta na hagu don kada sauran fasinjoji su ji.

Ni kuwa na dawo daga masallaci a natse, har na tsaya na sayi dabino a hanya. Na tarar da Baba zaune a kan kujerar ɗalibai, takalmansa a cikin ruwa. Ya faɗa min. Muka kira wayarta, mijinta ya ɗauka, ya ce suna hanyar asibiti.

Mijin ɗan kasuwa ne, mai sayar da shadda a Fagge, shagonsa bai fi shago biyar da na yayana ba. Ya tare mu a barandar asibitin. Ya ce da almakashi aka yanka kayan a gida, kuma inda yadin ya tashi, da fata ya tashi. Likitar mace ce mai taƙaita magana. Ta tambaye mu minti nawa aka yi kafin a cire tufafin. Baba ya faɗa mata. Ta ajiye biro.

"Ku ne malaman kimiyyar?"

"Mu ne."

"Da an cire a minti biyun farko, da mai zan shafa mata in sallame ta."

Ba ta ƙara kallon mu ba. Mijin kuwa ya riƙe hannun Baba da hannu biyu.

"Baba, ta faɗa min yadda ka yi. Ka fita ka ba ta wuri, ba ka taɓa ta ba. Allah ya saka da alheri, ka san mutunci."

Baba ya ce amin. Muna komawa ya jingina kai da ƙarfen adaidaita, har na sauka bai ɗago ba.

Sai bayan kwana takwas aka bar ni na gan ta. Da matata na je, don ya fi dacewa. An naɗe ta daga haɓa zuwa gwiwar hannu, ana shirin ɗebo fata daga cinyarta a dasa. Ba ta iya juyo da kai, sai da na zagaya na tsaya inda idonta yake. Muka gaisa, na yi mata sannu, na ce kada ta damu da binciken, za a ƙara mata lokaci.

"Malam," ta ce, "ina tsaye a ƙarƙashin ruwan nan na karanta takardar bangon. Sau biyu. Hausar da Turancin."

Ta ci gaba.

"Na san a littafi an ce a cire. Amma littafi ai a Turai aka rubuta shi. Na ce bari in ga abin da namu suka ce. Da na gan shi a bango, da sa hannun sashe, wallahi da na cire. Ko maigidana ya tambaya sai in ce doka ce, ga ta nan a rubuce. Na duba, babu. Sai na ce to ashe a nan ba dole ba ne."

Ba zargi take yi ba. Ba ta ma san wanda ya rubuta ba. Bayani take yi wa malaminta, don kada ya ɗauka ba ta yi karatu ba. Matata ta ce Allah ya ba da lafiya, ta ajiye kular abinci, muka fito.

Hukumar jami'a ta nemi rahoto, da bayani a kan wanda ke kula da ɗakin a lokacin. Mu biyar muka zauna a ofishin Farfesa, da fanka da lemo. Aka kira Baba. An ba shi kujera, ya ce ya fi son tsayuwa. Ya ba da labarin karo na uku. Wani matashin malami da bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba ya buɗe littafin ƙa'idoji a gabansa.

"Baba, ka san doka ta ce a cire tufafi?"

"Na sani."

"An cire?"

"Ba a cire ba."

"Kuma ka bar ta ita kaɗai."

"Na je neman mace."

"Amma ka bar ta."

"Na bar ta."

Bai ambaci takardar bango ba, bai ambaci labule ba. Sau ɗaya kawai ya dube ni, ina rubutu.

Bayan ya fita na yi magana. Zan so in ce da ƙarfi na yi, amma da murya irin ta ɗalibin da ke neman izinin fita na fara. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani abu." Na faɗi yadda na tsallake dokar, da abin da Malama ta ce min a asibiti, da labulen da Baba ya nema aka ɗage sau huɗu. Na ce yana shafi kaza da kaza a littafin nan.

Farfesa ya cire tabarau ya goge su da bakin riga.

"Dakta, wa ya sa hannu a ƙasan takardar nan?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya ɗage maganar labule?"

"Kwamiti."

"Wato mu biyar ɗin nan. To, ka rubuta. A rufe ɗakin, a kafa wani kwamiti a kanmu, ɗalibanmu na ƙarshe su rasa shekara. Sannan a buɗe maganar hijabi, da maganar Juma'a, da wanda aka bari shi kaɗai da wa. Maganar ta fita waje. Kai ɗan garin nan ne, ka san inda irin wannan maganar take ƙarewa, ka san gidan da za a fara nema. Baba nake ji wa. Takardar gargaɗi ce kawai, a tura shi babban siton jami'a ya ƙarasa shekarunsa biyu. Wa ya ce korar sa za a yi?"

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne ba duka maganarsa ce ƙarya ba. Wani daga gefe ya ce, "Wannan dai kada ya shiga littafi." Biron yana hannuna, ba wanda zai ƙwace shi. Na rubuta, "An tattauna wasu batutuwa." A rahoton kuma na rubuta cewa ma'aikacin da ke bakin aiki bai tabbatar da an bi dukkan matakan gaggawa ba, kuma ya bar ɗalibar ba tare da kulawa ba. Jimla ce mai kyau, babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikinta.

A makon ne aka sa labule, kore, mai kauri. Aka bugo sabuwar takarda da dokoki biyar. Tsohuwar ni na ɓanɓare ta da kaina, kwana biyu kafin mutanen hukuma su zo duba ɗakin. Suka duba, suka ja sarƙa, ruwa ya zubo da ƙarfi don an cika tankin da safe, suka ce ɗakinmu abin koyi ne.

Baba ya ɗauki hutu. Da takardar gargaɗin ta fito, Farfesa ya ce ni zan kai masa, tunda mun fi shaƙuwa. Ranar Asabar da yamma na je Sabon Gari. Tsohon gida ne mai tsakar gida ɗaya da iyalai huɗu, a bayan layin masu gyaran janareta. Ana soya kifi a wani ɗaki, daga cocin da ke kan kwana kuma ana jin mawaƙa suna ta maimaita baiti ɗaya. Matarsa ta kawo min kujera da ruwan sanyi, ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, duk ba ta dube ni ba. Shi yana zaune a baranda da zane da singileti. Ban taɓa ganin sa babu farar riga ko rigar coci ba, sai na ga ashe ƙaramin mutum ne.

Ya karɓi ambulan, ya juya shi, ya miƙo min.

"Karanta min, Dakta. Rubutunka ne, kai za ka fi iya karanta shi."

Na karanta. Jimlar da na sa a rahoton tana nan a tsakiya.

"Sake layin nan na tsakiya."

Na sake.

"Ka faɗa musu maganar takardar bangon?"

"Na faɗa, Baba."

"Ka rubuta?"

"Ban rubuta ba."

Ya gyaɗa kai. "To." Can ya ce, "Yaya jikin Malama?"

Na ce an yi dashen, ya kama. Amma sun ce wuyan ba zai riƙa juyawa dama sosai ba, hannun kuma ba zai ɗagu ya wuce kafaɗa ba.

"Malamar makaranta ce fa. Da wane hannu za ta yi rubutu a allo?"

Na ninke takardar na ajiye masa a gefe.

Ya ce ba zai je babban sito ba. Ya riga ya rubuta takardar ajiye aiki, ɗansa zai kai ranar Litinin. Na ce, Baba, ka dakata, har yanzu zan iya rubuta wa hukuma da kaina, in faɗi komai.

"Za ka iya," ya ce. Ba gatse a muryarsa, ba kuma jira.

Ya shiga ɗaki ya fito da tarin makullai a zaren waya. Ya zauna ya fara ware min su ɗaya-ɗaya. Wannan na ƙofar baya, sai an ɗan ɗaga ta kafin a murɗa. Wannan na kabad ɗin asid. Wannan na famfon tanki, a riƙa dubawa ranar Alhamis, don mai kunna inji yakan manta.

"Wannan kuma na sito. Kana da biro?"

Ina da shi. Na juya ambulan ɗin da babu komai a ciki, na rubuta a bayansa.

"In ka shiga, kanta ta ƙarshe, can ƙasa, bayan kwalin safar hannu, akwai wata 'yar kwalba da rawayan gari a ciki. Ta girme ka a aiki. Dole garin nan ya zauna a jiƙe. In ya bushe, murɗa murfin kaɗai ya isa ya tashi da ɗakin. Kada ka bari wani mai son sani ya buɗe ta, kai ma kada ka buɗe. Ka haska tocila daga waje ka ga ko ruwan yana sama da garin. Na rubuta a zo a ɗauke ta tun kafin a ɗauke ka aiki. Ka sake rubutawa. Ka rubuta yadda abin yake."

Na ce zan yi. Ya ƙara min abu uku ko huɗu, na rubuta duka. Ya sa na karanta masa, ya gyara min ɗaya.

Duk zuwan da na taɓa yi gidan nan, har bakin titi yake raka ni, ya tsaya sai na sami abin hawa. Ranar yana zaune ya ce in gaida gida. Matarsa ce ta buɗe min ƙofa, ta rufe a bayana. Ranar Litinin ɗansa ya kai takardar, aka karɓa, aka jera ta a fayil ɗinsa a kan takardar gargaɗin da na kai masa. Wasiƙar da na ce zan iya rubuta wa hukuma kuwa ban rubuta ta ba.